Ƙarar Asuba a Cikin Injin A-kori-kura

Masu bibiyar wannan fili za su yi mini uzuri a wannan makon, domin zan jingine maganar jami'a da ta siyasa in shigar da su ƙarƙashin bonet ɗin wata tsohuwar mota. A watan Janairun da ya wuce, saura ƙiris mu yi asarar inji sukutum, ni da yayana, a tsakiyar kakar tumatir, a kan wata ƙara da take zuwa da asuba ta ɓace kafin hantsi. Na tabbata akwai masu irin wannan mota da yawa da suke jin irin wannan ƙara kowace safiya, suna kuma gaya wa kansu abin da muka yi ta gaya wa kanmu, wato sanyi ne kawai.

Motar a-kori-kura ce, Toyota Hilux tsohuwar yayi, mai injin fetur da ake kira 22R, silinda huɗu, lita 2.4, irin wanda kamfanin ya fara fitarwa a 1981 ya kuma ci gaba da yi har cikin shekarun 1990. Haɗa kuɗi muka yi muka saye ta, ni da Yaya, wanda yake noman rani a filayen da ke tsakanin Kura da Bunkure. Shi ne mai gona da direba. Ni nawa shi ne in ba da kasona idan gyara ya taso, in kuma karɓi kwando ɗaya ko biyu da buhun shinkafa idan an yi girbi.

Wanda bai san yankin ba, da wuya ya gane matsayin irin wannan mota a can. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa yake gangarowa ta babbar magudana ya rarrabu cikin ƙanana, ya shayar da dubban hekta a ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam, ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan da ƙafarsa yake zuwa gona. Amfanin gona kuwa ba ya fita da ƙafarsa. Shinkafa da alkama da masara za su iya jiran mota mako guda a cikin buhu, amma tumatir ba ya jira. Abin da aka tsinka jiya da yamma ya kamata ya isa Kwanar Gafan da sassafe, inda manyan motoci suke lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. Kwandon da ya makara kwana ɗaya darajarsa ta faɗi, wanda ya makara kwana biyu sai dai a yanka a shanya. A da a-kori-kurar Peugeot ce take riƙe da wannan aiki, daga masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Yanzu tsofaffin Hilux ne da takwarorinsu, waɗanda da yawansu sun girmi direbobin da suke tuƙa su.

A gidan Yaya na kwana a wani ƙarshen mako, ina hutun zango. Bayan sallar asuba, hazo ya rufe ko'ina, sanyi yana ratsa ƙashi, sai direba ya murza makulli. Injin ya tashi da wani kacau-kacau, kamar an zuba tsakuwa a cikin gwangwani, ya yi daƙiƙoƙi kaɗan ya ɗauke. A bayansa sai wani siririn tas-tas-tas ya ci gaba, bai daina ba sai da muka kusa shanye shayi. A lokacin kunnena bai raba su biyu ba, ƙara ɗaya na ji. Na tambayi direban tun yaushe take haka, ya ce, "Dakta, ai hunturu ne. Ko mutum ma in ya tashi da safe sai ya yi tari." Yana faɗa yana taka totur har ƙasa, wai don ta yi saurin ɗumama. Daga baya na gane cewa a cikin duk abin da aka yi wa injin nan, babu wanda ya fi wannan takun cutar da shi.

Na karɓi motar na kawo ta birni, wani gareji da nake kai tawa. Kafin in isa ta yi tafiyar fiye da kilomita 30, injin ya yi zafi, yana juyawa lafiya lau kamar bai taɓa yin laifi ba. Matashin makaniken ya saurara, ya ba ta wuta sau biyu, ya ce bai ji komai ba, amma daga bayanin da na yi masa tafet ne. Ya ba da shawarar a matse su, a kuma ƙara wa baƙin man gwangwani ɗaya na maganin nan mai kauri kamar zuma. Matse tafet ɗin ban yarda ba, ba don wayo ba, sai don ina sauri in halarci wani taro. Gwangwanin kuwa na biya aka zuba. Washegari Yaya ya kira ni ya ce ƙarar ta ƙara tsawo.

Shi ya tura ni wurin wani dattijon makanike da yake aiki ƙarƙashin wata darbejiya a gefen Kura, mutumin da ya fara sana'ar tun zamanin Peugeot 404. Na isa da la'asar, na fara yi masa bayani da irin tsawon da malamin jami'a yake yi, ya bari na kai aya, sannan ya ce, "Dakta, motar da ta yi tafiya ta yi zafi ba ta faɗin gaskiya. Ku bar ta ta kwana a nan. Gobe bayan asuba ka dawo mu ji ta tare." Na ce, "Baba, akwai lodi gobe." Ya ce lodin ya jira awa ɗaya.

Kafin duhu ya yi, ya duba wasu abubuwa ba tare da ya tayar da injin ba. Ya zaro gejin baƙin mai ya ga inda man ya tsaya, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya dube ni ya tambayi wanda ya zuba mata zuma. Ya buɗe murfin da ake zuba mai ya leƙa ƙarƙashinsa, ko akwai farin kumfa mai kama da madara, alamar ruwa ya haɗu da mai. Babu. Daga nan ya murza makulli zuwa inda fitilun gaban direba suke kamawa, ya nuna mini cewa jar fitilar baƙin mai ba ta kama ba. Ashe watanni da suka wuce fitilar ta riƙa daɗewa a kunne da safe, ta dami direban, ya sa wani yaro ya cire mata waya. Baba bai ce komai ba, ya mayar da wayar.

Da asuba muka taru, ni da shi da yaransa biyu da direban. Ya hana kowa taɓa totur. Ya sa yaro ɗaya ya zuba wa jar fitilar ido yana ƙirgawa da ƙarfi, shi kuma ya tsaya a gaban injin. Aka murza makulli. Kacau-kacau ya fara, yaron yana ɗaya, biyu, uku, sai da ya kai bakwai fitilar ta mutu, kuma a daidai wannan lokacin ƙarar ta ɗauke ɗif. Tas-tas ɗin ya ci gaba. Baba ya ɗaga yatsu biyu ya ce, "Cuta biyu ce, ba ɗaya ba." Ya ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora bakinsa a kan murfin bawul, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya matsa zuwa gaban injin, ya sauko zuwa gindinsa. Sannan ya kai tafin hannunsa kusa da manifol ɗin salansa, tun bai yi zafi ba, ya kira ni in kai nawa. Na ji iska tana bugun hannuna, fat-fat, daidai da ƙarar. Da ya haska tocila, ga baƙin zane na hayaƙi a jikin kan injin, wajen silinda ta ƙarshe, ga kuma gurbin wani bol da ya karye ya bar rami.

A nan ne kunya ta kama ni, domin kimiyyar fiziks nake koyarwa, kuma babu shekarar da ba na tsayawa gaban 'yan aji ɗaya in bayyana musu yadda ƙarfe yake buɗewa idan ya ji zafi ya kuma tsuke idan ya huce. Kan wannan injin na alminiyam ne, manifol ɗin kuwa baƙin ƙarfe ne na zubi, kuma alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe yake buɗewa a zafi iri ɗaya. Kowace tafiya, ƙarafan biyu suna jan bol ɗin da ya haɗa su, kowace kwana suna sake shi. Shekara talatin ana wannan ja-in-ja, dole wata rana bol ya gaji. Idan ya karye, sai 'yar kafa ta buɗe a bakin gaskit. Da safe, ƙarfe a tsuke, hayaƙi yana tsartuwa ta kafar duk lokacin da silindar ta fitar da shi. Bayan minti biyar ko goma ƙarfen ya buɗe ya toshe kafar, ƙara ta ɓace, mai mota ya ce ta warke. Al'adar wanke mota a bakin magudana tana dawowa daga aiki, a watsa wa manifol mai zafi ruwan sanyi, ba ta taimaka wa lamarin ba.

Dalilin da ya sa ake rikita wannan ƙara da ta tafet shi ma lissafi ne mai sauƙi. A injin da fistin yake hawa da sauka huɗu kafin ya kammala aiki ɗaya, kowane bawul yana buɗewa sau ɗaya ne a cikin juyi biyu na karanshaf. Idan injin yana silo a juyi 800 a minti, bawul ɗaya zai motsa sau 400, wato kusan sau bakwai a daƙiƙa. Hayaƙin silinda ɗaya shi ma sau ɗaya yake fita a juyi biyu. Saboda haka bawul mai sako-sako da manifol mai yoyo kiɗa ɗaya suke yi, sauri ɗaya. Abin da yake raba su shi ne wurin da ƙarar take fitowa, da zanen hayaƙi, da kuma iskar da hannu zai ji. Da na bari an matse tafet a birni, da an matse abin da ba shi da laifi. Kuma matse shi fiye da ƙima ba ƙaramar ɓarna ba ce. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a ɗan lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Idan aka hana shi 'yar tazarar da aka tanadar masa, zafi zai sa ya kasa rufewa sosai, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone. Injin zai yi shiru, mai mota ya yi murna, bayan wata biyu a sauke kan inji.

Wani zai ce yoyon manifol ai ƙara ce kawai. A cikin hayaƙin fetur akwai iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma a hunturu direba yana rufe gilashi gam ya ɗauki leburori biyu a gaba. Direbanmu ya amsa cewa ya daɗe yana fama da ciwon kai da safe, yana ɗora laifin a kan hazo. Ba ni da hujjar cewa hayaƙin ne, amma tun da aka gyara bai sake kawo ƙorafin ba.

Ƙara ta farko, mai daƙiƙa bakwai, ita ce ta fi haɗari, kuma ita ce aka fi rainawa saboda gajartarta. Inji mai juyawa ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe a cikinsa, domin famfo yana tura baƙin mai da ƙarfi ya shiga tsakaninsu. Idan aka kashe mota ta kwana, man yana gangarawa ya koma kwanon da ke ƙasa. Don kada hanyoyin man su wayi gari a bushe, akwai wata 'yar roba a bakin filtar mai, zagayayya, wadda take barin mai ya shiga ta hana shi komawa baya. A wannan injin filtar a kwance take a gefe, saboda haka idan robar nan ba ta aiki, man cikinta yana tsiyayewa cikin dare. Da safe sai famfo ya fara cika filtar tukuna, kafin ɗigo ɗaya ya isa inda ake bukatarsa. Tsawon wannan jira shi ne tsawon lokacin da jar fitila take kunne. Fitilar da direba ya cire wa waya ita ce kaɗai abin da yake gaya masa gaskiya a cikin motar.

Baba ya kwance filtar, ya sa aka yanke ta da zarto a gabanmu. Fentinta da rubutunta kamar na gaske, an saye ta a wata rumfa a bakin hanya a lokacin juye na ƙarshe, saboda ta fi araha. Robar da ke bakinta ta bushe ta sandare kamar tsohon takalmi, ba ta rufe komai. Takardar tacewar da ke ciki kuwa ba ta kai rabin yawan ta filtar kirki ba, wadda ya yanka tsohuwarta ya ajiye kusa da ita don in gani. Maganin kaurin da na biya aka zuba shi ya ƙara dagula lamarin, domin mai kauri a sanyin asuba ya fi jinkirin hawa. Lambobin da ke jikin galan, irin su 20W-50, ma'anarsu ke nan: ta farko tana nuna yadda man yake gudana a cikin sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan inji ya yi zafi. Mun saba ɗaukar ƙasarmu a matsayin ƙasar zafi, muna mantawa da cewa a Disamba da Janairu sanyin asuba a ƙasar Kano yana sauka ƙasa da digiri 15, wanda kuma ya kwana a filayen ruwa ya san ya fi na birni cizo. Ban ce 20W-50 laifi ne a tsohon inji ba. Laifin shi ne ƙara masa abin da zai mayar da shi kunu, don kawai a rufe bakin ƙara.

Saura tambaya ɗaya: mene ne yake yin kacau-kacau ɗin a cikin daƙiƙoƙin nan bakwai? A gaban wannan injin akwai sarƙa, irin ta keke amma mai ƙarfi, wadda take haɗa karanshaf da kamshaf don bawul su riƙa buɗewa a kan lokaci. Wani ɗan ƙarfe da makanikai suke kira ajasta shi yake tokare ta don kada ta yi sako-sako, kuma ƙarfin baƙin mai ne yake tura shi. Babu mai, babu cikakken tokari. Sarƙar sai ta riƙa dukan robobin da suke yi mata jagora a gefe, waɗanda ake kira damfa. Ka tuna kuma a daidai wannan lokacin direba yake taka totur har ƙasa. Baba ya cire murfin bawul ya haska tocila ta saman sarƙar. Damfa ɗaya ta karye, rabinta babu, kuma a jikin murfin alminiyam ɗin da ke rufe sarƙar ga layuka biyu masu ƙyalli inda sarƙar ta fara ci. Ya ce in sa farce in ji zurfinsu. Ya ce a bayan wannan bangon ruwan lagireto yake wucewa. Ranar da sarƙar ta huda shi, ruwa zai zuba cikin baƙin mai, metal su ɗauki zafi, inji ya buga, wataƙila a tsakiyar hanya da kwanduna talatin a baya.

Daga nan gardama ta koma tsakanina da Yaya. Gyaran zai ci kwana uku, ga tumatir ya nuna, ga kuɗin hayar mota ya zama abin da ya zama tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Yaya ya ce a canza filta a zuba sabon mai, sauran a bari kaka ta wuce, tun da motar ta yi wata uku a haka ba ta mutu ba. Ban ga laifinsa ba. Manomin da ya zuba kuɗin taki da na magani da na leburori tun Oktoba, ranakun tsinka su ne albashinsa na shekara, kuma ni da nake karɓar nawa albashin a ƙarshen kowane wata ba ni da bakin yi masa wa'azin haƙuri. Na ce, "Yaya, ni zan ɗauki kuɗin hayar." Ya ce ba maganar kuɗi kaɗai ba ce, mota ce ba a samu a wannan lokaci. Baba ne ya raba mu. Ya ce, "Alhaji, sabuwar filta za ta rage dukan, amma ba za ta mayar da robar da ta karye ba. Kuma gutsattsarinta suna cikin kwanon ƙasa, kusa da rariyar da famfo yake zuƙar mai. Ni ba zan ce maka gobe za ta tsaya ba. Amma in ta tsaya, ba kwana uku za ta yi a nan ba." Yaya ya yi shiru, ya zaro waya ya fara neman wanda zai ba shi aron mota.

Na tafi Ƙofar Ruwa da babban yaron Baba, muka sayo sarƙa da haƙoranta na sama da na ƙasa, da ajasta, da damfa biyu, da gaskit, da filta. Ban yi ciniki a kan filtar ba, kuma duk tsadarta ba ta kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba. Yaron ya koya mini leƙa ƙananan ramukan da ke bakinta in ga robar, in kuma danna ta da tsinke in ji ko tana da laushi. Da aka sauke kwanon ƙasa, gutsattsarin robar da aka kwaso sun cika tafin hannu, wasu sun riga sun manne a jikin rariyar. Murfin sarƙar ya tsira, cin bai kai ga ruwa ba. Ciro karyayyen bol daga cikin alminiyam shi ya ci rabin yini, domin wanda ya yi gaggawa a nan zai lalata zaren ramin ya jawo sabon aiki. A ƙarshe, bayan injin ya yi zafi, Baba ya daidaita bawul da siraran ƙarafunan awo, milimita 0.20 ga na shigar iska, 0.30 ga na fitar hayaƙi. Da na koma gida na nemo littafin gyaran wannan inji na duba, adadin ke nan babu ragi babu ƙari. Shi bai taɓa karanta littafin ba, daga ubangidansa ya karɓa.

Kada mai karatu ya ɗauka duk ƙarar safe labarinta ke nan. Sababbin Hilux masu injin fetur na lita 2.7, wanda ake kira 2TR-FE da aka fara fitarwa a 2004, ba a daidaita musu bawul da hannu, baƙin mai ne yake cike tazarar da kansa, saboda haka ɗan ƙas-ƙas na daƙiƙa ɗaya ko biyu bayan mota ta daɗe a ajiye ba abin tayar da hankali ba ne. Idan ya zarce haka, ko ya zama na kullum, a fara da yawan man, da ingancinsa, da filta, sannan a sa makanike ya ɗaura agogon awo ya ga ainihin ƙarfin da famfo yake bayarwa. Injin dizal kuwa da hayaniyarsa aka haife shi, kuma ta fi yawa a cikin sanyi. Fulogin da ya kwance shi ma yana tsartar da iska ya yi irin wannan tas-tas. Wadda ba a jinkiri a kanta ita ce ƙara mai nauyi daga gindin inji, gwaf-gwaf kamar ana buga guduma a cikin rijiya, wadda take ƙaruwa idan an taka totur ko an ɗora kaya, ba ta kuma tafiya idan inji ya yi zafi. Wannan metal ne. A kashe mota a inda take, a nemo igiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda tsarin gyaranmu ya saba wa irin wannan cuta. Mai mota yana zuwa gareji da hantsi ko da azahar, bayan shaidar ta gudu, ya kwaikwayi ƙarar da bakinsa, makanike ya yi hasashe. Matashin da ya ce mini tafet ne ba maƙaryaci ba ne, an dai tambaye shi hukunci a kan abin da bai ji ba, kuma a kasuwarmu makaniken da ya ce "ban sani ba, kawo ta ta kwana" yana tsoron mai mota zai wuce gareji na gaba. Alhali yanzu kusan kowane direba yana da wayar da za ta ɗauki murya da hoto. Minti biyu na farko bayan an murza makulli, bonet a buɗe, wani kuma yana ƙirga lokacin da jar fitila take ɗauka kafin ta mutu, sun fi duk bayanin da mai digiri uku zai yi da la'asar. Haka nan mafi yawan waɗannan motoci agogon kilomitarsu ya daɗe da mutuwa, ana yin juye ne idan an tuna, ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin gona wadda take sa mai ya lalace da wuri. Yaya yanzu da alli yake rubuta ranar juye a bangon zaure. Batun jabun mai da jabun filta kuwa, Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ta sha yin gargaɗi da kame a kan jabun man inji, amma hannunta bai cika isa rumfunan bakin hanya ba, inda manomi yake saye.

A rana ta huɗu na sake kwana a Kura don in ji da kunnena. Yaron ya tsaya a kan fitila, aka murza makulli, bai gama cewa biyu ba ta mutu. Babu kacau-kacau, babu tas-tas. Direban ya ɗaga ƙafa zai taka totur bisa sabo, Yaya ya daka masa tsawa daga bakin zaure, ya sauke. Aka bar ta ta yi minti biyu a silo, aka ɗora kwanduna, ta kama hanyar Kwanar Gafan. A kwanaki ukun da ta yi a ƙarƙashin darbejiya an yi asarar wani abu, domin motar aron ba ta zo a kan lokaci ba a rana ta biyu, kuma kwanduna shida sun ƙare a shanya. Har yau Yaya yana ambata su idan muka zauna lissafi.

Filtar da aka yanke tana ofishina, na kuma shiga da ita aji sau biyu a wannan zangon. Idan ka kafa kunne a kan murfin bawul bayan motar ta yi zafi, akwai wani ɗan siririn ƙis-ƙis da ya rage, a jere, kamar na keken ɗinki. Na koma na gaya wa Baba. Ya ce wannan tazarar da ya bari ce take magana, kuma duk wanda ya ce zai kashe mini ita, in karɓi makullina in tafi.